Bazara, Kabeji da WhatsApp: Yadda Matasa Ke Samo Abincin da Ba Ya Buƙatar Wuta

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, ɗakin girki ne wurin da kowa ke gudu a gidajen Arewa. A Sakkwato, Maiduguri, Yola da Nguru ma'aunin zafi kan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere, haka kuma abin yake a Yamai, Birnin Ƙonni da Damagaram. A farkon watan Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Ɗakin da aka rufa da kwano, aka kuma kunna risho ko gawayi a cikinsa da ƙarfe biyu na rana, ba shi da maraba da gidan burodi.

Ga zafi ga tsada. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin gas da kananzir da gawayi suka bi sahu. Azumin 2023 da 2024 da 2025 duk ya faɗo a watannin Maris da Afrilu, lokacin da mai girkin buɗa-baki ke tsaye a gaban murhu da busasshen maƙogwaro. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya kusa da jami'a, da amaryar da mijinta ya fita aiki, da saurayin da ya gaji da taliyar leda, duk matsalarsu ɗaya ce: suna son abin da zai riƙe ciki ba tare da an kunna ashana ba.

Shi ya sa a wannan lokaci na shekara ake yawan cin karo da wata irin tambaya a sitatus na WhatsApp da shafukan Facebook. Hoton ƙwallon kabeji a kan tire, a ƙasansa an rubuta: "Jama'a, ga abin da nake da shi, kuma ba zan kunna gas ba. Me zan haɗa?"

Me ya sa kabeji?

Kwaɗo tsohon abinci ne a ƙasar Hausa, sai dai yawancin ganyayen da ake yin sa da su suna buƙatar wuta. Zogale sai an dafa, rama sai an dafa an zubar da ruwan tsaminta, tafasa ma sunanta ya faɗi komai. Latas ba ya son dahuwa, amma ba ya jure rana: wanda aka saya da safe kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma. Kabeji ne ke tsakiya. Ana cin sa ɗanye, kuma ganyensa a naɗe yake, na waje na kare na ciki, don haka ƙwallo guda kan yi kwanaki a inuwa ba tare da firji ba matuƙar ba a yanka shi ba.

Shuka ce mai son sanyi, abin da ya sa tsaunin Jos ya yi suna da ita, kuma kasuwar Farin Gada ke cika da ita. A sauran wurare noman rani ne ke kawo shi, yana fitowa daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, sai ya sauka a kasuwanni irin su 'Yankaba a Kano daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kusan kashi 92 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Giram 100 na ɗanyensa na ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 36, wanda tafasa ke rage shi sosai. Sai dai ƙarfin abincin da ke cikin wannan adadin bai wuce kalori 25 ba, wato wanda ya ci kabeji zalla da rana, kafin magariba cikinsa zai fara kiran ciroma. Duk wani haɗi mai ma'ana sai an sa masa abin da zai riƙe ciki.

Tambaya ma iyawa ce

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma a intanet wanda bai iya tambaya ba yakan ɓata. Mai rubuta "a ba ni shawarar abinci" zai samu amsoshi ashirin, goma sha biyar a ciki suna farawa da "ki ɗora tukunya". Tambayar da ke kawo amsa mai amfani ita ce wadda ta faɗi abin da ke hannu da abin da babu: akwai kabeji, albasa biyu da ƙuli-ƙuli, babu firji, babu injin markaɗe, mutum uku za su ci, kuɗin da ya rage naira kaza. Hoto ɗaya na kayan a jere ya fi dogon bayani.

Sitatus ya fi zaure dacewa da irin wannan. Yana ɓacewa da kansa bayan awa 24, amsoshin kuma suna zuwa ta saƙon sirri, ba a gaban mutum ɗari biyu ba, don haka ƙawar da ke jin kunyar rubutu a zauren tsofaffin ɗalibai za ta saki jiki ta yi bayani. Wanda ba ya son surukai ko abokan aiki su san yau gas ya ƙare a gidansa zai iya shiga saitin sirrin sitatus ya zaɓi mutanen da za su gani kawai. Tun watan Fabrairun 2023 kuma ana iya ɗora murya a sitatus, ga wanda rubutun Hausa ke yi wa wuya.

Idan amsoshi sun yi yawa har an rasa na ɗauka, akwai ƙuri'ar jin ra'ayi da WhatsApp ta fito da ita a watan Nuwamban 2022. A wayar Android ana latsa alamar maƙala fayil da ke gefen wurin rubutu, a zaɓi inda aka rubuta Poll, a jera zaɓi har 12. A zauren 'yan gida ɗaya ko 'yan ɗaki ɗaya wannan na kashe gardamar abin da za a ci da dare cikin minti biyar.

Mafi yawan amsoshi masu nauyi da murya suke zuwa, musamman daga iyaye mata da gwaggonni, waɗanda ba su da lokacin latse-latse. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai megabait ɗaya ba, bidiyo kuwa mai irin wannan tsawon kan ninka shi sau da yawa. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin lissafi. Wanda ya jefa tambaya a babban zaure bai kashe saukar bidiyo kai-tsaye a saitin ajiya da data ba, zai iya wayar gari ya tarar datar mako guda ta tafi a kan bidiyon salak goma sha biyu da bai ma kalla ba. Gwaggon da ta fara da gaisuwar minti biyu kafin ta zo kan batun kabeji kuwa, akwai maɓallin 1.5x da 2x, kuma ba za ta taɓa sani ba.

Abin da ke dawowa

Amsar da ta fi yawa ita ce kwaɗon kabeji, kuma a cikinta akwai dabara ɗaya da ba kowa ya sani ba. Mutane da yawa na zuba wa yankakken kabeji tafasasshen ruwa don ya yi laushi, wanda ke nufin an kunna wutar da ake gudu. Gishiri na yin wannan aikin. A cire ganyen waje biyu ko uku, a raba ƙwallon gida huɗu, a fitar da tauri-taurin tsakiya, a yanka siri-siri, a wanke, a tsane. Sai a barbaɗa gishiri kamar rabin ƙaramin cokali ga rabin ƙwallo, a murza da hannu, a bar shi minti 15 zuwa 20. Gishirin zai janyo ruwan da ke cikin ganyen, sai ya rusuna, gafin ya ragu. A matse, a zubar da ruwan. Daga nan sai albasa, tumatir, attaruhu, dunƙule, man ƙuli wanda dama da ƙamshinsa yake zuwa ba sai an soya ba, da matsin lemun tsami. Garin ƙuli-ƙuli shi ne na ƙarshe, dab da za a ci, domin idan ya daɗe a ciki yakan tsotse ruwa ya cuɗe. Kuma a ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, tun da akwai na farko a jikin ganyen.

Mai son ya ƙoshi sai ya kawo garin kwaki, ya yayyafa masa ruwa kaɗan ya kumbura ba tare da ya caɓe ba, ya juya shi cikin wancan haɗin. Wannan ne abincin rana na ɗalibai da yawa, kuma ba ya neman komai sai roba da cokali. Bakano zai ce a sayo gurasa a yi bandashe, a yayyafa mata ruwa, a bi ta da ƙuli da mai, a lulluɓe ta da kabeji da kokwamba da albasa. Wani zai ce a buɗe kifin gwangwani, a juye shi da mansa a kan kabejin, a cusa a burodi. Wanda ke da abokai a Sudan zai iya jin labarin salak ɗinsu na tumatir da albasa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da lemun tsami, wanda ɗan'uwan kwaɗo ne na jini, kuma kabeji na shiga cikinsa ba tare da gardama ba.

Sai kuma salak na biki: kabeji, karas da aka goga, Bama da 'yar madarar gwangwani. Shi ne ya fi kyau a hoto, shi ne kuma ya fi rashin dacewa da gidan da babu wuta. Za a dawo kansa.

Da ɗan gari akan ci gari

Me zai hana a tambayi TikTok ko YouTube kawai? Ana tambayarsu, kuma akwai masu koyar da girki da Hausa da suka iya aikinsu. Matsalar tana farawa ne daga akwatin bincike. Kalmar kwaɗo a rubuce tana nufin abinci, tana nufin dabbar da ke kuka a kududdufi, tana kuma nufin abin kulle ƙofa. Manhajar Google Translate ta fara aiki da Hausa tun watan Disamban 2013, amma na'urar fassara ba ta jin karin sauti a rubutu, don haka kada a yi mamaki idan ta mayar da abincin rana ya zama kwaɗon ruwa. Ga kuma bambancin rubutu: wani ya rubuta kwado, wani kwaɗo, wani kabeji, wani sunan Turanci, a Nijar kuma da yawa da sunan Faransanci suke kiransa, wato chou. Mai bincike sai ya gwada duka. Allon rubutu na Gboard na da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, amma tun da yawancin masu ɗora bidiyo ba sa sa lanƙwasa, binciken da babu ita ya fi kawo sakamako.

Matsala ta biyu ita ce bidiyon ƙasashen waje an yi su ne don wasu ɗakunan girki. Mai koyarwa a Amurka ko Ingila za ta rufe da cewa a saka a firji ya kwana, kamar kowa na da wutar awa 24. Wani zai burge mai kallo da kabejin Jamus mai tsami, wanda gishiri kashi biyu cikin ɗari na nauyin ganyen kawai yake buƙata, babu wuta ko kaɗan. Gaskiya ne, amma yana son ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 22 na tsawon makonni. A ɗakin da ya kai digiri 38 abin da zai fito daga kwalbar yakan zama laushi da wari. Kimchi na Koriya ma da wani nau'in kabeji mai dogon ganye aka fi yin sa, ba irin ƙwallon da ke kasuwar Rimi ba.

Tun watan Afrilun 2024 akwai Meta AI a cikin WhatsApp a Najeriya, kuma idan aka tambaye shi zai jero haɗi goma cikin daƙiƙa biyar. Yana da amfani wajen mayar da ma'aunin Turawa zuwa giram ko cokali. Amma bai san nawa ake sayar da tumatir a unguwa yau ba, bai san kwana uku ke nan taransifoma ta lalace ba, sai in an gaya masa. Ƙawar da ke layi na gaba ta sani, domin ita ma a duhun take.

Amsa mai kyau kuma ɓacewa take yi idan ba a adana ta ba, sai baɗi a sake yin tambayar. Danna saƙo a riƙe, a latsa alamar tauraro, ya isa ya ajiye shi a jerin saƙonni masu tauraro. Wasu sun fi son tura shi zuwa lambarsu, tun da daga ƙarshen 2022 mutum na iya aika wa kansa saƙo. Saƙon murya ba ya fitowa a binciken kalma, don haka yana da kyau a bi shi da rubutun kalma biyu, kamar "kwadon kabeji".

Inda wuta ke da rana

Dahuwa ba laushi kawai take kawowa ba, tana kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya cire ta daga lissafi ya ɗora nauyin duka a kan wanki, kuma wannan ne ɓangaren da saƙonnin abokai suka fi tsallakewa. Ba duk lambu ake ba ruwa mai tsafta ba. A Kano masu bincike sun daɗe suna nazarin kayan lambun da ake nomawa a gefen rafukan Jakara da Getsi, inda ruwan kwatami da na masana'antu ke kwarara. Mai saye ba shi da hanyar gane daga ina ƙwallon da ke hannunsa ya fito. Kwalara da taifot duk ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Kano da Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ruwan wankin shi ne maganar. A bazara rijiyoyi na ja baya, ana dogara da 'yan garuwa, kuma ganyen da aka wanke da ruwa marar kyau ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwan da mutum ba zai sha ba, kada ya yi ɗaurayar ƙarshe da shi. Jiƙawa a ruwan gishiri ko na khal na rage ƙwayoyin cuta, ba ya gamawa da su. Maganin tsaftace ruwa mai sinadarin kulorin, irin su WaterGuard da Aquatabs, ya fi ƙarfi, muddin an bi ma'aunin da ke jikin kwali. Sabulu da omo ba su da wuri a nan. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su ma sai an wanke tas. Mai juna biyu, ƙaramin yaro, da wanda rashin lafiya ta raunana, gara a daure a dafa musu.

Saƙonni biyu ne ke yawo duk lokacin da aka ambaci ɗanyen kabeji, galibi da alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa abin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Na farko ya ce akwai tsutsa a kabeji mai hawa ƙwaƙwalwa. Koriyar tsutsar da ake gani a ganyen 'yar malam-buɗe-littafi ce ko ta asu, ba ta rayuwa a jikin mutum. Cutar da ake nufi kuwa akwai ta: ƙwan wata tsutsar ciki mai alaƙa da alade, wanda ke fita a bayan-gidan mai ɗauke da ita, idan ya gurɓata ruwa ko abinci yana iya kama ko wanda bai taɓa cin naman alade ba. Kowane ɗanyen ganye na iya ɗaukar sa, ba kabeji kaɗai ba, kuma maganar ta sake komawa kan ruwa da wankin hannu.

Na biyu ya ce ruwan kabeji na warkar da olsa. Asalinsa wani rahoto ne da likita Garnett Cheney na Jami'ar Stanford ya fitar a 1949 a kan majinyata 13 kacal. Daga baya aka gano cewa ƙwayar cutar H. pylori ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, binciken da ya sa Barry Marshall da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005, kuma da maganin asibiti ake kashe ta. Mai olsa da ya cika kwaɗonsa da attaruhu da lemun tsami saboda wancan saƙon, shi zai ba da labari da dare.

Wayar ma ta shiga lissafin tsafta. Ita ake shiga da ita ko'ina, ita ake taɓawa da hannu kowane iri, sannan a ajiye ta kusa da faranti ana latsawa ana murza kabeji. Ya fi kyau a saurari saƙon har ƙarshe kafin a fara, ko a ƙara wa fuskar wayar lokacin mutuwa, a jingine ta nesa, a wanke hannu. Attaruhun da ya hau gilashi kuma yana nan yana jiran ido. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Ɗaukar bidiyo a tsakar gida da azahar, waya na jone da abin caji, hanya ce mai sauri ta ganin gargaɗin zafi da gajiyar da batir.

Sai batun salak mai Bama. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada abinci ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta rage shi zuwa awa ɗaya idan zafi ya haura digiri 32, wanda a Sakkwato a watan Afrilu ke nufin kusan yini duka. Haɗin da ke da madara, dafaffen ƙwai ko kifi, wanda aka yi da azahar don buɗa-baki, ya daɗe da tsallake wannan iyaka kafin a kira salla. A yanka a wanke dab da lokaci, a haɗa daidai cikin masu ci, abin da ya rage kada ya kwana.

Ƙwallon da ba a yanka ba kuwa yana da mafaka ko babu wuta. Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana tafiya da zafin ciki, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta Maris da Afrilu, kafin damina ta kawo laima. Ba ta kai sanyin firji ba, don haka ba wurin ajiye salak mai madara ba ne. Amma kabeji, tumatir da kokwamba kan ƙara kwanaki a cikinta, in dai ana jiƙa yashin safe da yamma.